Ku Tambaya, Mu Amsa: Me Ya Sa Ake Ƙin Ware Shara a Gida?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suke: ware shara a gida domin a sake sarrafa ta, da abin da ke sa mutane da yawa ja da baya. Mun miƙa su ga ma'aikatan tace shara da masu nazarin muhalli da ke amsa tambayoyin wannan shafi. Ga abin da suka ce.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na fi shekara ina ware robobi da gwangwanaye da kwalaye daban, amma maigidana kullum cewa yake wahalar banza nake yi, wai da idonsa ya ga masu kwasar shara sun juye komai a mota ɗaya. Har na fara karaya. Da gaske duk a juji ake zubarwa?
*Wata uwargida*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Maigidan naki bai yi ƙarya ba a kan abin da ya gani, kuma irin shakkarsa ce ta fi komai kashe wa mutane gwiwa. Sai dai abin da ya gani zai iya zama ɗaya cikin uku. Akwai motocin da aka raba cikinsu gida biyu, daga waje sai a ɗauka baki ɗaya ne, alhali kowane kaya da ɗakinsa. Akwai kuma garuruwan da da gangan suke haɗa takarda da roba da gwangwani a mota ɗaya, su kai masana'antar tacewa a rarrabe a can. Na ukun shi ne mai ciwo: wani lokaci da gaske juji ake nufa da kayan, ko don lodin ya ƙazantu, ko don an rasa mai saye.

Bari mu kai ki cikin masana'antar ki ga yadda abin yake. Ana juye lodi a ƙasa, a tura shi kan wani dogon bel mai tafiya. Ma'aikata na tsaye dama da hagu da safar hannu, suna fizge abin da bai kamata ya shigo ba: leda, tsumma, igiyar waya, tiyo. Daga nan kaya su hau jerin faifai masu juyawa. Kwali da takarda, saboda faɗinsu, sai su bi ta sama su wuce, kwalabe da gwangwanaye su faɗo ta tsakani. Mayen ƙarfe ya ɗauke gwangwanin ƙarfe. Alminiyom ba ya bin mayen ƙarfe, don haka wani injin daban ke cilla shi gefe. Robobi kuwa na'ura ce ke haska su da wani haske da ido ba ya gani, ta gane irin kowace, ta hure ta da iska zuwa inda ya dace. A ƙarshe a matse kowane iri ya zama dila, a ɗaure da waya, a kai kasuwa.

To, a kan kasuwar nan komai ya rataya. Mai saye zai farke dila ya duba. In ya tarar da takarda jiƙaƙƙiya, ko roba mai ragowar abinci, ko kunzugun yara a tsakiya, ya karya kuɗin ko ya ce a mayar. Shekaru da dama ƙasar Sin ce ke sayen kaso mai tsoka na tsohuwar roba da takardar duniya. A 2018 ta hana shigo da nau'i 24 na shara, ta kuma ce ba za ta karɓi dilar da ƙazantar cikinta ta wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Garuruwa da yawa a Amurka da Ostareliya da Turai suka wayi gari da tulin kaya ba mai saye. Wasu suka binne, wasu suka ƙona, labari ya bazu, mutanen da suka yi shekaru suna ware shara suka ji an yaudare su. Har yau ba a gama gyara wannan ɓarnar ba.

Game da roba, alƙaluman ba su da daɗin ji. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa cikin duk robar da ta zama shara a duniya zuwa 2015, kashi 9 cikin 100 kaɗai aka sake sarrafawa, aka ƙona kashi 12, sauran na juji ko warwatse a ƙasa da ruwa. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki hukuncin roba a shafa wa komai. Narka tsohon gwangwanin alminiyom na cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake buƙata wajen haƙo sabo a tace shi, shi ya sa da wuya ya rasa mai saye. Kwalba ana narka ta a sake narkawa ba ta gajiya. Takarda kan jure zagaye biyar zuwa bakwai kafin zaren cikinta ya gajarce ya daina haɗuwa. Ƙarfe ma haka, kasuwarsa tsayayya ce.

Ki tambayi masu kwasar shararku kai tsaye: ina kuke kai kayan, kuma wane iri ake karɓa? In amsar ba ta fito ba, ki lura da abin da 'yan jari-bola ke ɗauka da abin da suke tsallakewa. Ba sa ɗaukar abin da ba zai sayu ba. Abin da kika ga suna rububi, shi za ki fi mayar da hankali a kai.

Tambaya: Ni duk robar da na ga alamar kibau uku masu bin juna a gindinta, cikin kayan sake sarrafawa nake jefa ta. Kwanan nan aka ce min kuskure nake yi. To, mene ne amfanin alamar?
*Wani ɗalibi*

Amsa: Malam, ba kai kaɗai alamar nan ta ruɗa ba, kuma ruɗanin na cikin manyan dalilan da ke sa mutane su ce abin ya cika wuya su watsar. Asalin alamar kibau ukun wani ɗalibi ne Ba'amurke, Gary Anderson, ya zana ta a wata gasa a 1970. A 1988 ƙungiyar masu masana'antun roba ta Amurka ta fito da lambobi daga 1 zuwa 7, ta sa su cikin alama mai kama da waccan. Lambar irin robar kawai take faɗa. Ba ta yi alkawarin akwai masana'antar da za ta karɓa a inda kake ba.

Lamba 1, wato PET, ita ce gorar ruwa da ta lemo mai garai-garai. Lamba 2, HDPE, ita ce roba mai kauri ta sabulun ruwa da jarkoki. Waɗannan biyun kusan ko'ina suna da kasuwa. Lamba 5, PP, wadda ake yin murafe da bokitai da robobin ajiye abinci da ita, ana karɓa a wasu wuraren. Lamba 4 ita ce yawancin leda, lamba 6 farin soso mai kumfa da ake kunshe kayan lantarki da shi, wanda kusan duk iska ne, ɗaukarsa a mota ya fi ƙarfin abin da za a samu. Lamba 7 tarkace ne, duk abin da bai shiga shidan farko ba.

Lamba 3, PVC, wadda ake yin bututun ruwa da ita, ita ce wake ɗaya mai ɓata gari. PET na narkewa ne a wajen digiri 250 a ma'aunin Salshiyas, kuma kafin a kai wannan zafin PVC ta riga ta ƙone, ta saki sinadari mai cin ƙarfe, ta bar rawaya da ɗigo-ɗigon baƙi a cikin narkakkiyar robar. Ƴan gutsattsari kaɗan sun isa su lalata lodi guda.

Akwai abubuwan da lamba ba za ta gaya maka ba. Baƙar roba yawanci na'urar haske ba ta ganinta, sai ta wuce zuwa juji ko da irinta mai kyau ne. Duk abin da bai kai kimanin santimita 5 ba zai zurare ta ramukan mataci ya bi tarkace. Shi ya sa masana'antu da yawa yanzu suke cewa a matse gora a fitar da iska, sannan a mayar da murfin a ɗaure. In aka niƙa su aka zuba a tankin ruwa, PET na nutsewa, murfin na tasowa sama, a kwashe kowanne daban. Tarayyar Turai ma tun Yulin 2024 ta wajabta murafen gorunan abin sha su zo a liƙe da gorar. Amma ka tambayi masu karɓar naku, don akwai masu aiki da hannu da suka fi son a cire.

Leda kuwa, kada ta shiga, sai in akwai wurin da aka keɓe mata ita kaɗai. Nannaɗewa take yi a jikin faifan nan masu juyawa, dole a kashe inji, ma'aikata su hau da wuƙaƙe su yanke ta, wani lokaci sau da yawa a yini. Kada kuma ka ƙulle kayanka masu kyau a cikin leda. Ma'aikaci ba shi da lokacin kwancewa, bai kuma san ko allura ce a ciki ba, cire ta zai yi ya jefa cikin shara. In kana shakkar abu, ka sa shi a sharar gama-gari. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tambaya: An ce sai an wanke gwangwani da roba kafin a ware. Ashe ba ɓarnar ruwa ba ce? Wannan kaɗai ya sa na daina.
*Wata ma'aikaciyar jinya*

Amsa: Malama, ba a buƙatar sabulu ko soso. A kwashe abin da ya rage a ciki da cokali, a ɗauraye da ruwan ƙarshe na wanke-wanke wanda dama zubarwa za a yi, a kife ya tsane. Masana'anta za ta yi nata wankin. Abin da ake gudu shi ne ruwa ko maiƙo ya zuba a kan takarda da kwali. Takarda a ruwa ake dama ta, mai kuwa ba ya haɗuwa da ruwa, sai ya bar tabo a sabuwar takardar. Kwalin da ya sha mai, a yage wurin a zubar, a ware sauran. Kofin takarda akwai siririyar leda a cikinsa, rasit mai santsi na injin biyan kuɗi kuma akwai sinadari a jikinsa, dukansu ba sa shiga cikin takarda.

Tambaya: Ni ke kula da wani gidan haya mai hawa huɗu. Na sayi durom uku na ajiye a bakin ƙofa, na rubuta "Roba", "Takarda", "Kwalba". Wata biyu ke nan, wasu ko kallonsu ba sa yi, wasu kuma har kunzugun yara suke jefawa a ciki. Ni dai na yanke cewa ƙyuya ce da rashin tarbiyya. Ko akwai abin da zan yi?
*Wani mai kula da gida*

Amsa: Alhaji, ka yi ƙoƙari, amma ka ɗan dakata da yanke hukunci, don ruwa ba ya tsami banza. In ka bi ɗaki-ɗaki ka tambaya, mafi yawansu za su ce maka abu ne mai kyau, kuma da gaske suke. Tazarar da ke tsakanin yarda da aikatawa ita ce matsalar, kuma sau da yawa da ƙafa ake auna ta. Wanda ke hawa na huɗu, da gora ɗaya a hannu da kwandon shara a gefensa, ba zai sauka ba. A birnin Bankuba na Kanada, masu bincike na jami'ar British Columbia sun gwada sa kwandon ragowar abinci a kowane hawa maimakon a ƙasa kaɗai, abin da ake tarawa ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin 100. Mutanen ba su sauya hali ba, kwandon ne ya matso. Don haka ka sa ƙaramin buhu ko kwando a kan kowane hawa, a riƙa saukar da shi zuwa durom.

Abu na biyu, kada kwandon sake sarrafawa ya tsaya shi kaɗai. Mutumin da ya fito da kunzugu a hannu, abin da ya fara gani mai baki a buɗe nan zai jefa. Kowane wuri ka haɗa su biyu kafaɗa da kafaɗa, na sharar gama-gari da na kayan sarrafawa, kuma na gama-garin kada ya gaza ɗayan girma. Ka yi wa murfin rami daidai abin da kake so: zagayayye mai faɗin kimanin santimita 12 don gora da gwangwani, tsaga siririya don takarda. Ƙullin shara ba zai shiga ba, hannun mutum kuma zai gane kafin idonsa ya karanta.

Rubutun "Roba" bai ce komai ba. Leda roba ce, buroshin haƙori roba ne, tsohon takalmi ma haka. Ka ɗaure ainihin gorar da ainihin gwangwanin da kake so a jikin durom da waya, ka manna leda ka ja mata jan layi. Yaro da wanda bai iya karatu ba duk za su gane. A nan akwai abin da ake yawan mantawa: wanda ka yi wa bayani sau da yawa ba shi ke fitar da sharar ba. Yara ne ko masu aikin gida, kuma su ba wanda ya gaya musu komai. Da su za ka yi magana.

Ka kuma rage yawan rabon. A fara da biyu, gora da gwangwani a wuri ɗaya, kwali a ɗaure gefe. In ya zauna sai a ƙara. Sannan ka tsayar da ranar kwashewa kada ta saɓa. Durom da ya cika ya tumbatsa kwana uku ya zama juji a idon kowa, kuma wanda ya taɓa ganin an juye abin da ya ware cikin sharar gama-gari da wuya ya sake wahalar da kansa.

Ka kiyayi sanarwa irin ta "Kowa ya ƙi bin doka". Abin da mai karatu zai ɗauka shi ne ashe ba ni kaɗai ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2008 a kan tawul a otal ya nuna cewa gaya wa baƙo yawancin baƙi suna sake amfani da tawul ɗinsu ya fi tasiri a kan roƙonsa ya ceci muhalli. Mutum na bin abin da ya ga na kusa da shi suna yi. Ka auna abin da aka tara a mako, ka rubuta kilo nawa ne a allo, da inda aka kai shi. Amma gaskiya za ka rubuta, don ranar da aka kama ƙari a lissafin, shi ke nan.

Wani abu kuma da bincike na 2013 ya gano: mutane sun fi jefa yagaggiyar takarda ko lotsattsen gwangwani a shara, saboda a idonsu ya riga ya tashi daga aiki. Ka gaya musu lotsattsen gwangwani darajarsa ɗaya da lafiyayye a wurin mai narkawa.

Tambaya: Ɗaki ɗaya nake da shi da ɗan madafi. Ina zan ajiye kwanduna har uku? Ga wari, ga ƙuda da kyankyasai, ga maƙwabta na cewa na zama mai tara bola.
*Wata amarya*

Amsa: Amarya, Allah ya sanya alheri. Kwando uku ba naki ba ne. Rabo ɗaya ya fi kowanne muhimmanci: jiƙaƙƙe daban, busasshe daban. Wari da ƙwari duk daga ragowar abinci suke. Gorar da aka ɗauraye ta bushe za ta yi wata a ɗaki ba ki ji komai ba.

Ki samu bokiti mai murfi na lita 5 zuwa 10 don ɓawo da ragowar abinci, ki shimfiɗa tsohuwar jarida ko kwali a gindinsa ya sha ruwan, ki juye shi kullum, in ya daɗe bayan kwana biyu, don a lokacin zafi ƙwan ƙuda ba ya wuce yini guda bai ƙyanƙyashe ba. Busassun kaya kuma buhu ɗaya ya isa, a rataye a ƙusa bayan ƙofa, bai ci ƙasa ba. Ki taka gora ta lotse, ki warware kwali ya kwanta. Kwali ne kaɗai kada ki bari ya daɗe, don kyankyaso na son ɓuya a tsakaninsa. Ki fitar da shi duk mako.

In akwai ɗan fili ko tsohon durom da za a huda, ragowar abincin taki ne. A kan kowane awo ɗaya na ɗanyen kaya, wato ɓawo da ganye da makamantansu, a zuba awo biyu zuwa uku na busasshe: busasshen ganye, ɗiɗɗigar katako, yagaggen kwali. Danshinsa ya zama kamar tsumman da aka matse, in kin damƙa ya jiƙa hannu amma kada ya ɗiga. A juya shi sau ɗaya a mako. Nama da ƙashi da mai da madara kada su shiga, su ke kiran ɓera. In kin ji wari mai hawa hanci kamar na fitsari, ɗanye ya yi yawa, a ƙara busasshe. In warin ruɓaɓɓen ƙwai ne, ya jiƙe iska ba ta shiga, a juya a sassauta. In makonni sun wuce bai yi ɗumi ba bai kuma sauya ba, ya bushe ne ko ya yi kaɗan. A wuri mai ɗumi wata biyu zuwa uku ya isa ya zama baƙi mai ƙanshin ƙasa. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne: abincin da aka binne a juji yana ruɓewa ba iska, ya fitar da iskar mitan, wadda ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon sau 28 a tsawon shekara 100. Koriya ta Kudu tun 2005 ta hana binne ragowar abinci kai tsaye.

Maganar maƙwabta kuwa, mun san tana da nauyi, kuma ƙyamar a gan ka kana taɓa shara na hana mutane da yawa, ko da ba su faɗa ba. Abin da za mu ce shi ne kayan da ba ki ware a gida ba, wani zai ware su a juji, da hannu, cikin ruɓa da fasassun kwalabe. Buhunki mai tsabta ya rage masa wannan.

Tambaya: Ku gaya min gaskiya. Kamfanoni ke cika kasuwa da roba suna cin riba, ni kuma a ce in zauna ina wankewa ina warewa kyauta, har a yi min barazanar tara. Wane irin adalci ne wannan?
*Wani magidanci*

Amsa: Malam, ƙorafinka na kan hanya, kuma ba za mu lallashe ka ka bar shi ba. Kai ba ka zaɓi a haɗa leda da alminiyom da takarda a kunshi ɗaya da ba inji mai sauƙin rabawa ba. Wanda ya ƙera kunshin shi ya yanke ko zai sarrafu, tun kafin ya zo hannunka. Inda aka ci nasara, an ɗora wa kamfanoni nasu kason, an kuma sa mai gida ya ga amfanin wahalarsa.

Jamus ta yi doka a 1991 da ta wajabta wa masu kaya ɗaukar nauyin kunshin da suka saka a kasuwa. A 2003 ta ƙara da kuɗin ajiya a kan gora da gwangwanin abin sha: ka biya santi 25 na Yuro a kan kowace, ka mayar da ita a kanti a dawo maka da kuɗinka. Sama da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan gorunan suna dawowa, kuma da tsabta, don ba su taɓa haɗuwa da shara ba. Koriya ta Kudu ta bi wata hanyar a 1995: sharar gama-gari sai a cikin leda ta musamman da ake saye, kayan da aka ware kuwa kyauta ake kwashewa. Iya warewarka, iya sauƙin aljihunka. Birnin Taipei ya ɗauki irin wannan tsarin a 2000. Ana yawan kawo misalin Kamikatsu a Japan, inda ake raba shara fiye da gida 40 ana kuma sarrafa kusan kashi 80 cikin 100, amma ƙaramin gari ne da bai kai mutum 2,000 ba, kowa ya san kowa. Ba a ɗauko wannan a ɗora wa babban birni rana ɗaya.

Tsarin biya gwargwadon shara ma yana da nasa lahanin. In ba a sa ido ba, wasu sai su koma zubarwa a kwata da dare, ko cusawa a kwandon maƙwabci, ko ƙonawa. Tara kuwa, a ganinmu, ita ce ya kamata ta zo ƙarshe. Hukumar da ba ta ba da kwando ba, motarta ba ta zuwa a kan lokaci, ba ta kuma faɗi inda take kai kaya ba, in ta fara da tara gaba kawai za ta saya.

Abin da ke hannunka tun yanzu shi ne rage abin da ke shigowa gidan: jaka mai ɗorewa maimakon leda, gorar da ake sake cikawa, babban kunshi ɗaya maimakon ƙanana goma. Wannan ya fi sake sarrafawa amfani nesa ba kusa ba. An ma gwada a wani bincike na 2013 an ga mutane sun fi ɓarnar takarda in akwai kwandon sake sarrafawa a gefensu, don suna jin an riga an ɗauke musu laifin. Ka ci gaba da neman a ɗora wa kamfanoni nauyinsu, ka kuma ware gwangwani da kwalba da kwali, waɗanda ka san suna da inda za su.

Tambaya: Batiran waya da suka kumbura da kofunan tangaran da suka fashe fa, wane kwando za su shiga? Wani ya ce in haɗa da robobi in cinna wuta in huta.
*Wani mai gyaran waya*

Amsa: Malam, don Allah kada ka ƙona. Roba, musamman PVC, in ta ci wuta a fili tana sakin guba mai suna dayoksin da ke zama a toka da ƙasa ta shiga jikin dabba da mutum, batir kuma fashewa zai yi.

Batirin litiyom ba ya shiga kowane kwando na gida. In motar shara ta matse shi ko faifan inji ya huda shi, yana kamawa da wuta a tsakiyar tulin busasshiyar takarda, kuma ta haka masana'antun tacewa da dama suka ƙone. Ka manne bakin kowane batir da salatif don kada ƙarfe ya haɗa su, ka sa kumburarren a gwangwani ko bokitin ƙarfe mai busasshen yashi, nesa da rana da abin da ke cin wuta, kada ka danna shi ko ka huda don ya sace. Sannan ka kai wurin masu karɓar tsofaffin kayan lantarki.

Tangaran kuma ba kwalba ba ne. Shi da madubi da gilashin taga da kwanon gilashi mai jure wuta ba sa narkewa daidai da kwalba. Gutsure ɗaya zai zauna kamar tsakuwa a jikin sabuwar kwalba, ta fashe a wurin cikawa ko a hannun mai sha. Ka naɗe fasassun a takarda mai kauri, ka ɗaure, ka rubuta "fasasshen abu" a jiki saboda hannun mai kwasa, ka sa a sharar gama-gari.